Kwana Biyun da Delu Ta Yi a Gona

Da sunan Allah mai rahama na ɗauki biro, in rubuta abin da na sani game da Delu, ƙawata ta ƙuruciya, mutuniyar Takanamat. Ni Mardiya, tare muka tashi da ita, rijiya ɗaya muka yi ɗiba. Ni an sa ni lakwal, wato makarantar boko, na yi aji huɗu, daga baya aure ya kawo ni Tawa, nan kuma maigidana ya rasu, Allah ya jiƙan shi. Ita ba a sa ta ba, kuma tun da aka haife ta ba ta taɓa yin sati a wajen garinmu ba.

An kai ta gidan Sulemanu, wanda kamar sauran mazan yankinmu na Adar yake tafiya Abijan ci-rani da zarar an zuba hatsi a rumbu. Da fari kowace damina yana dawowa, daga baya sai shekara biyu, sai uku. A lokacin kaset ake aikowa. Mai dawowa ya zo da shi a aljihu, a aro rediyo, a shimfiɗa tabarma tsakar gida, kowa ya zauna. Sulemanu ya gai da ubansa, ya gai da uwarsa, ya bi baffanni ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi lafiyar jaki, can ƙarshe ya ce, "da sauran mutanen gida." Delu ita ce sauran mutanen gida. Mutuwarsa ma a kaset ta zo, da muryar abokin ɗakinsa. Tana daka a gefe ta ji tare da kowa. Surukanta na zaune, don haka sai da ta ƙare dakan ta tankaɗe, sannan ta shiga ɗaki.

Ya bar ta da ɗiya mata biyu, waɗanda yanzu ke aure a Affala da Tebaram, da ɗan fari namiji, Attaher. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kallon fuskarsa gaban mutane, ba ta zama ta yi hira da shi. Yara na yanzu sun fara sakin wannan, amma Delu ta riƙe shi yadda ta iske shi. Ana yaye Attaher kakarsa ta ɗauke shi, shi ya sa in ya zama dole ta ambace shi sai ta ce "ɗan Tsohuwa." Ya girma ya tafi Libiya. Sau ɗaya ya dawo, ya auri Nasiratu, ya ajiye ta wajen uwarsa ya koma. Shekara huɗu ke nan.

Yanzu ba kaset, saƙon murya yake aikowa, abin da suke kira vokal, kuma a wayar Manzo yake sauka, mai cajin wayoyi a bakin kasuwa. Manzo ya aika a kira Nasiratu, ya danna, ya ƙara sauti don shi ma kunnensa ya samu. Masu shan shayi a rumfar su ji, mai faci ya ji. Delu kuwa a daidai lokacin ne kanwa ke ƙare mata. Sai ta tsaya a teburin da ke maƙwabtaka, ta ba rumfar baya, tana juya kanwa kamar mai zaɓen zinariya, tana tsintar abin da hayaniyar kasuwa ta bar mata. In sun koma gida, Nasiratu ita ma kunyar uwar miji take ji, iyakarta ta ce, "Ya ce shina gai da mutanen gida."

Masu koyarwa kam Delu ta gan su iri-iri. An koya mata haɗa sabulu, an koya mata gina murhu mai cin itace kaɗan, an koya mata gina ramun rabin wata a fako da jera duwatsu don tare ruwa. Takardun shaida huɗu ne a kwallarta, ƙarƙashin zannuwa. Sabulun ya tsaya da kayan haɗin suka ƙare. Duwatsun ne suka bar mata abin tunawa, don sun mayar da tafin hannunta kamar fatar ganga.

Bara wani kamfanin waya ya shirya koya wa matan karkara aiki da babbar waya, wadda ake shafa fuskarta. Mata talatin aka rubuta a Takanamat, mace ɗaya a gida, aka fi duba waɗanda mazansu suka mutu ko suka daɗe a tafiya. Kwana goma sha biyu za a yi, wadda ta cika za a ba ta waya kyauta. Malamar da suka ɗauka ita ce Hanatu, ɗiyar Mushe Filibus maƙwabcina (Mushe muke ce wa malamin lakwal), Kiristoci ne da iyayensu suka zo Tawa aikin koyarwa tun ba a haife ta ba. Ita ta ce in bi ta in riƙa dafa wa matan abincin rana, tunda na san garin kuma sun san ni.

Da rani aka ce za a yi, lokacin da mata ke da sarari. Sai aka ce kayan ba su iso ba, sai aka ce babban da zai sa hannu ya yi tafiya. Ba mu tashi ba sai da zafi ya kai iyaka, gabas ta fara haɗa gajimare da yamma. A mota na nuna wa Hanatu.

"Na gani, Inna," ta ce. "Na faɗa masu. Sun ce dole a ƙare kafin watan ya mutu."

A wani aji na lakwal ɗin garin aka yi. Doka ɗaya Hanatu ta maimaita har sau uku ranar farko. Kowace mace za ta tsaya gaban wani babban allo mai kama da waya ya ɗauki fuskarta da safe, ya sake ɗauka da azahar, kuma hoton yana tafiya Yamai, babban birni, kai tsaye. Allon ya san inda yake, in an fitar da shi daga lakwal ba ya ɗauka. Fashin kwana ɗaya an yafe, na biyu ba a yafe ba.

"Ko mutum ya mutu?" in ji wata tsohuwa daga baya.

"In kin mutu, Kaka, ni da kaina zan kai maki wayar," in ji Hanatu. Aka yi dariya.

Delu ce ta fi kowa shan wuya da fari. Ta shafa wayar koyo, wayar ta yi shiru. Ta danna da ƙarfi, shiru. Ta kusa da ita ta taɓa sau ɗaya abu ya buɗe.

"Abin ga ya san hannun talaka," in ji Delu. "Bai son shi."

Hanatu ta kama hannun ta juya shi, ta daɗe tana duban kantar da ke kowane yatsa. Ta gwada su ɗaya-ɗaya a fuskar wayar, har ta zo kan ƙaramin yatsan hagu, wanda bai cika taɓa dutse ba. Shi ya yi. Daga ranar Delu da shi take aiki, ta ɗaga sauran huɗun sama, matan suna ce mata ta zama matar gwamna mai shan shayi.

An koya masu lambobi, da yadda ake duba farashin hatsi, da aika kuɗi, da gane saƙon ɓarayi. Delu tana bi, ba ta tambaya. Rana ta uku aka zo kan saƙon murya, Hanatu ta nuna masu cewa in ka ɗaga wayar ka manna a kunne, sautin yana komawa ciki. A nan Delu ta yi magana.

"Madam, na kusa da kai ba ya ji?"

"Ba ya ji, Inna."

"Ko shina zamne nan inda Mardiya take?"

"Ko kafaɗarku na gugar juna."

Ta ce a gwada. Hanatu ta sa mata wani saƙo, ta manna a kunne tana kallona. Da ya ƙare ta ce, "Mi anka ce?" Na ce ban ji komai ba. Ta jinjina kai ta ajiye wayar a hankali. Ba ta ce mani don me ta tambaya ba, ni ma ban tambaye ta ba. Amma daga ranar ita ke fara zuwa, tun Hanatu ba ta buɗe aji ba, kuma na ga wani ƙulli a bakin mayafinta da ban san shi da shi ba.

Rana ta takwas, bayan la'asar, hadari ya taso. Ruwa ne na gaske, wanda ya cika ramun fako ya gangara kwari. Ina kwashe tukwane ina jin guɗa daga gidaje. Hanatu tana tsaye bakin aji da hannu a ƙugu, ita kaɗai ce a garin ba ta murna.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce a jira kwana huɗu mana. Ƙasar Adar ba ta riƙe damshi. Kwana biyu ne, in an yi sa'a uku, rana ta shanye shi. Kuma shibka aikin mutum biyu ne, ɗaya na sara da sungumi, ɗaya na bi yana zuba iri yana rufewa da dunduniya. Gidan da maza suka tafi, matan ne mutum biyun.

Da safe mata shida suka zo. Matar mai kanti, matan gidan da ke da ƴan ƙwadago, da wata da mazan gidansu suka dawo da wuri. Hanatu ta kira shugabanta, wani Abdurazak, ina jin ta daga madafa.

"Ranka ya daɗe, ba ƙi suka yi ba, ruwa aka yi. A ɗaga mana kwana biyu kawai." Ta saurara. "Na sani an sa ranar bikin raba wayoyi. To a buɗe allon da yamma." Ta sake saurarawa. "To. Na ji."

Ta ajiye wayar ta ce mani shi ma ba shi da iko, daga sama aka kulle abin. Ba ta ci abinci ba ran nan. Na dafa na mutum talatin, na bi gidaje da shi.

Gab da magariba na je gidan Delu. Sun dawo ke nan ita da Nasiratu, don gonarsu na da nisa, can bayan tudu. Tana zaune ta miƙe ƙafafu, laka ta bushe mata har ƙauri.

"Kun ƙare?" na ce.

"Rabi."

"Delu, kwana guda anka yahe maki, kin ci shi. In ba ki zo gobe ba, shi ke nan."

"Na ji doka. Sau uku ta hwaɗe ta."

"Ni in tai in bi Nasiratu da iri. Hanatu ta samu mai dahuwa."

Ta dubi ƙafafuna. "Shekara talatin kina taka siminti. Kahin hantsi sai mun ɗauko ki bisa jaki."

"Ko da rarrahe sai in yi."

Ta juya ta ga Nasiratu ta shiga madafa, sannan ta rage murya.

"Ƙawa, ke ma kin san ba ƙahwarki ba ta. A ce ranar shibka Delu ta aika baƙuwa gona, ita ta tai lakwal ta zamna jiran waya. Wayar mi? Wa gare ta waje da za ta kira? Garin ga kowa ya san amsa. Da wane ido zan bi ta kasuwa?"

Na ce, "Zamani ya sake. Ba mai ce maki komi."

"Ba su cewa, sai dai su sani." Ta ɓanɓare laka daga ƙafarta. "Kuma gonar ta ɗan Tsohuwa ta. In ya komo ya iske rumbu wofi, in nuna mashi waya?"

Aka kira salla, muka yi alwala da buta ɗaya.

Rana ta goma ba ta zo ba. Ta sha ɗaya ta zo tun da sassafe kamar kullum, ta tsaya gaban allo ya ɗauki fuskarta. Hanatu ta buɗe baki za ta yi magana, Delu ta ce, "Na sani, ɗiyata. Karatun ai ba a hana ni ba." Ta zauna ta ci gaba da aiki da ƙaramin yatsanta.

Mata goma sha ɗaya ne suka cika. Ranar biki Abdurazak ya zo da mota biyu da mai ɗaukar hoto. Mutum ne mai ladabi, ya durƙusa ya gai da tsofaffi, kuma da ganin idonsa shi ma a gajiye yake, don a garuruwa uku zai yi irin wannan biki a ranar. Aka raba hijabai masu launin kamfanin. Mai hoto ya ce duka talatin su tsaya, kowace ta ɗaga waya sama. Aka ba Delu ɗaya sabuwa, ledarta ma ba a ɓare ba. Ta ɗaga. Aka ce su yi murmushi, suka yi. Da aka gama, direba ya bi layi da kwali yana karɓa daga hannun sha tara. Ta sa tata a ciki da hannu biyu. Aka ba ta takardar shaidar halarta, ta biyar.

Baƙi suka tafi cin abinci gidan maigari, mata suka watse. Muna haɗa kaya, Hanatu ta ce in kira mata Delu kafin ta yi nisa. Da ta zo, Hanatu ta miƙa mata wayarta ta kanta.

"Inna, riƙe mani wannan. Za mu kai tukwane mota ni da Inna Mardiya, za mu daɗe. Ki ja ƙofar, kada awaki su shiga."

Delu ta dubi wayar, ta dube ni. Na ɗauki tukunya na fita. Ta taga na hango ta tana kwance ƙullin bakin mayafinta. Ƴar takarda ce ta fito, da lambar Attaher a jiki. Daga baya na ji cewa tun rana ta uku ta sa Nasiratu ta karɓo ta wajen Manzo, wai Madam ce ke son kowa ya zo da lambar gwaji. Ta shimfiɗa takardar a gwiwa, tana duba tana dannawa, lamba ɗaya bayan ɗaya. Na kau da kai.

Tukwane uku ne, amma sai da muka yi sawu bakwai. Da ta fito ta ce bai ɗauka ba, ƙila yana wajen aiki, sai ta danna wurin nan da aka koya masu ta yi magana ta saki. Hanatu ta duba ta ce ya tafi. Saƙon bai kai minti ɗaya ba.

"Mi kinka ce mashi?" na tambaye ta.

"Na ce mun yi shibka."

Muka koma Tawa. Bayan kwana biyu Hanatu ta shigo gidana da hantsi, ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Inna, ya amsa. Minti shida. Ban buɗe ba."

Aikinta da kamfanin ya ƙare, ba ta da dalilin komawa Takanamat. Ta zuba mani saƙon a ƴar wayata mai maɓalli, ta rage sautin, ta nuna mani inda zan danna. Ciwon gwiwa ya kwantar da ni, sai bayan sati uku na iya shiga motar kasuwa. Duk tsawon kwanakin saƙon na ƙarƙashin matashina. Ba zan ɓoye ba, sau biyu na kai yatsa kansa, na nemi tsari na janye.

Tun daga hanya na ga abin da ya faru. Bayan ruwan nan ba a sake samun ko ɗigo ba sai da aka yi kwana ashirin da biyar. Hatsin ya tsiro ya kai tsawon yatsa, ya ƙone. Na iske Delu tana sussukar ragowar irin da ta ɓoye a tukunya, za su sake shibka, don an yi ruwa shekaranjiya. Na yi mata jaje. Ta ce haka Allah ya so, kuma ko yau aka mayar da ita ranar, gona za ta tafi, don ba a ganin ruwa a zauna.

Na jira Nasiratu ta tafi rijiya, na ciro wayar na sa mata a hannu. Wannan mai maɓalli ce, kowane yatsa tana karɓa. Ta zagaya bayan rumbu. Na zauna na ci gaba da sussukar. Minti shida aka ce, amma har inuwar rumbun ta matsa ba ta fito ba, na san maimaitawa take yi.

Da ta fito idonta a bushe yake. Ta zauna ta karɓi taɓarya daga hannuna.

"Lahiya shike?" na ce.

"Ya ce lahiya." Ta daka sau biyu ta tsaya. "Tari shikai, ƙawa. Tsakanin magana da magana sai ya kau da baki ya yi shi. Sau tara na ƙirga. A kasuwa ban taɓa ji ba, hayaniya ta rufe shi."

"Ƙila mura ta."

"Haka na ubanshi ya hwara, a kaset na ƙarshe."

Na ce mata ta riƙe wayar. Ta ce wannan ba ta aika murya, kuma in an gan ta da ita sai an tambaya. Ta sake saurare sau ɗaya kafin direba ya fara kiran masu komawa Tawa, sannan ta share fuskar wayar da bakin zane ta ba ni.

Ta raka ni har bakin kasuwa. Muka wuce rumfar Manzo, matar mai kanti na tsaye tana jiran sabuwar wayarta ta cika. Delu ta gaishe ta. Da muka kai mota ta riƙe mani jaka har na hau.

"Ki tambayi Madam," ta ce, "in mutanen nan za su komo baɗi. Kuma wane wata."

Na tambayi Hanatu. Ta ce ba ta sani ba, ta ji dai ana cewa bana wata jiha za su yi. Har yanzu ban aika wa Delu da amsar ba, don ta wayar Manzo za ta bi.